Kwana Tara Ba Murya

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, amma ɗaki biyu gare ta. In an kunna sai ta tambaya ina za a shiga. Ɓangaren sama na Baban Lulu ne, nan aikin ofis ɗinsa yake. Na ƙasa kuwa Maman Lulu ce ta girka shi da hannunta, saboda 'yarsu mai shekara shida da ba ta gani sai inuwa-inuwa. A can akwai wata murya da ke karanta wa yarinyar duk harafin da ta taɓa. Wata bakwai uwar ta yi tana saita ta, ta rage mata gudu, ta jera darussa daidai inda yatsun Lulu suka haddace.

Yau kwana tara muryar ta yi shiru. Tun ranar da maigidan ya kai kwamfutar shago aka sabunta masa direbobi, ƙananan manhajojin nan da ke sa na'ura ta gane kyamararta da lasifikarta. Kyamararsa ta gyaru. Ɓangaren Lulu ya zama bebe. Kullum in ta dawo makaranta sai ta je ta danna, ta kara kunne, ta ce, "Mama, har yanzu fushi take yi da ni?"

Shi ya sa yau da hantsi Maman Lulu ta ce wa maigidan a koma shagon, kuma ƙafarta ƙafarsa.

Shagon ƙarami ne, fanka na juya warin dalma. Mai gyaran, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya shiga ɓangaren ƙasa, ya danna nan ya danna can, ya taɓe baki.

"Hajiya, ba a haɗa gudu da susar baya. Na'ura ɗaya, shugaba biyu? A goge wannan a huta. Minti ashirin na gama."

"A goge me?"

"Na yarinyar. Ai ɗayan ma yana da mai karatu."

"Yana da shi, mun gwada. Magana yake kamar ana bin sa da bulala, kuma komai ba inda ta san shi yake ba. Kai in an juya maka shagon nan an kashe fitila, za ka sami sukurdireba?"

Baban Lulu ya yi gyaran murya. "Maman Lulu, shi fa aikinsa ne. Yara ba su da wuyar sabo."

"Na ji. Ran nan da aka matsar da kujerar falo, ba goshin Lulu ne ya kumbura ba?"

Ya kau da kai. Injiniya ya miƙa hannu zai ja kwamfutar, ta dafe ta da tafinta. Da ɗaya hannun ta zaro ƙaramin littafi daga jaka.

"Cikin kwana taran nan sau biyu ta yi magana, na rubuta. Talata da Asabar. Duka biyun sai da batir ya ƙare ƙaf, ta mutu da kanta, na sa caji na shiga ɓangaren Lulu kai tsaye. Da babanta ya shiga nasa ya fito, sai ta koma shiru. Abin da ya lalace ba ya warkewa ran Talata."

"To, likita, mene ne ciwon?" in ji Injiniya yana murmushi.

"Nasa ɓangaren ba ya mutuwa in an kashe shi. Likimo yake yi, yana riƙe da lasifikar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malam. Nemo min inda ake hana shi wannan barcin ƙarya."

Murmushin ya ragu. Ya sosa ƙeya, ya ce akwai dai wani saiti da ke sa na'ura saurin tashi, wataƙila sabuntawar ta kunna shi, amma shi bai taɓa ganin...

"Yau sai ka gani."

Ba ta ɗage hannunta ba sai da ta zagayo ta tsaya a bayansa. Ya shiga saitin wuta, ya lalubo ɗan akwatin saitin saurin tashin, ya cire alamar da ke cikinsa. Tana rubuta kowane mataki. Aka kashe, aka kunna, aka zaɓi ɓangaren ƙasa. Ita ce ta taɓa maɓallin.

"Darasi na sha huɗu," in ji muryar, a hankali, yadda Maman Lulu ta koya mata. "Dabbobin ruwa."

Ba ta yarda ba tukuna. Ta sa maigidan ya shiga nasa, ya buɗe kyamara, ya fito. Aka sake komawa. Muryar tana nan.

"To madalla," in ji Injiniya. "Tunda kun zo, bari in sabunta na wannan ɓangaren ma."

"A'a. Sai na kwashe komai na ajiye a wani wuri. In ya tashi ni zan yi, ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa."

"Hajiya, za ki raba ni da sana'ata."

"Ga ta nan na bar maka. Ɗakin 'yata kawai na ɗauke."

Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. Baban Lulu ya kai hannu zai karɓa, ta rataya abarta a kafaɗa.

"Ka tare mana abin hawa. Ƙarfe ɗaya su Lulu suke tashi daga makaranta, ina so ta tarar da ita a kunne."