Jan Gemun Baffa Chindo

"Mi ke cikin kwanon nan, Malam Barmo?"

Barmo ya tsaya cak a ƙofar ɗakin, hannunsa a kan faifan da ya rufe kwanon. Abdulhadi, babban ɗan maƙwabcinsa, malami a lakol, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya taso daga tabarma ya ɗaga faifan da kansa. Warin kwaɓaɓɓen lalle ya bugi hancinsu su biyun.

"Shi ya ce in kawo, Mushe," in ji Barmo, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ya ce! Mutum shina fama da ƙirji, numfashi da ƙyar, kai kuma ka zo ka shafa mashi sanyi a wuya? Wa bai san lalle sanyi gare shi ba? Majon asibiti ya ce ko ruwan randa kada a ba shi."

Daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito, a shaƙe amma da kaifinta. "Kaɗo! Shigo da shi. Gemun nawa ne ko na Mushe?" Sai tari ya sarƙe shi, mai tsawo, har Barmo ya ji kamar a nasa ƙirjin ake yi.

"Ka ji ko?" Abdulhadi ya mayar da faifan. "Don Allah ka tahi da abinka. In wani abu ya same shi, ba zan manta hannun da ya shafa ba."

Barmo ya juya da kwanonsa, ya bi ta ɓarakar dangar da ta raba gidajen biyu.

Shekara goma sha tara ke nan da Baffa Chindo ya gaji da yawon kiwo, ya kafa gida a gefen ƙauyensu, gabas da Gidan Sori, jikin gonar Barmo. Shanunsa suna kwana a gonar bayan girbi su bar taki, shi kuma yana samun kara da harawa. Bai taɓa kiran Barmo da sunansa ba, sai Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe in suna son tsokana. A garin kuwa ba wanda ke cewa gidan Chindo. Gidan Mai Jan Gemu ake cewa.

Gemun nan ya fi wata saniyar samun kula. Duk Juma'a biyu yake sabunta lallen. Da ruwan ganyen shayi mai kauri yake kwaɓawa, ya matse lemun tsami, ya bar shi ya tsumu. Sabulu bai taɓa hawa gemun ba, balle omo. In zai fita rana sai ya ja rawani ya rufe shi, in ya dawo ya murza masa man shanu. Ya sha gaya wa Barmo cewa abu uku ke cin ja: rana, sabulu da lalaci.

Mutane sun ɗauka ado ne, wasu su ce sunna yake rayawa. Barmo kaɗai ya san sauran labarin. Inna Ummuhani, matar Chindo, yanar ido ta rufe mata gani shekara shida da suka wuce. Ba ta ganin fuska, sai haske da inuwa da launi mai ƙarfi. In ta hango wani ja yana tahowa daga bakin danga, ta san mijinta ne, ta tashi ta ɗauko masa ruwa tun kafin ya yi sallama.

Yanzu mako biyar yana kwance. Jan ya koɗe ya koma kamar busasshen kara, furfura ta taso daga tushe fari fat. Jiya da hantsi, Barmo yana zaune a ɗakin, Inna ta shigo da ƙwaryar fura tana lalube. Ta dubi gadon, ta dubi bango, ta ce, "Sannunku. Ina aka kai mai gidan?" Yana kwance a gabanta, taku biyu.

Chindo ya jira ta fita. Sannan ya damƙi hannun Barmo.

"Kaɗo, mutuwa ba ta ba ni tsoro. Na gan ta a daji ta fi sau goma. Amma ba ta tarad da ni matata tana nemana ina gabanta ba. Ka kwaɓo."

Abin da ya sa ya kwaɓo ke nan, abin da ya sa aka koro shi ke nan.

Mairo, matarsa, tana sussukar gero a tsakar gida sa'ad da ya shigo. Ta dubi kwanon, ta dube shi.

"An hana ka."

"An hana ni. Kuma yaron shina da gaskiya, Mairo. In na shafa ya cika fa? Garin ga ba ya mantuwa. 'Ya'yana su tahi lakol a riƙa nuna su, ga ɗiyan wanda ya kashe Baffa. Danginshi su taso daga ruga, a ce manomi ya kashe masu tsoho. Ka san inda irin wannan magana ke kaiwa?"

"Ni mace kake ce ma 'ka'?" Ta ajiye taɓarya. "Har harshenka ya ruɗe don tsoro. Shekarar da na haihi tagwaye nonona ya ƙafe, wa ke miƙo ƙwarya ta dangar nan kullum safe, wata bakwai? Ya tambayi majo kafin ya miƙo?"

"Wannan daban."

"To zauna. Ka iya zama."

Ya zauna ɗin. Kwana biyu yana zuwa gona yana roron wake, yana dawowa da rabin abin da ya kamata. In ya ji tarin ta danga sai ya saki abin da yake yi, ya kasa kunne. Haka yake tun asali: yaro ya yi zazzaɓi, shi ya riga ya hango makabarta. Hadari ya taso, ya fara lissafin katangar da za ta faɗi. Amma a wannan karon tsoron biyu ne, kowanne yana jan rigarsa ta gefe guda.

A rana ta uku da sassafe ya ji tashin moto, babur ɗin gidan Chindo. Abdulhadi ne zai je Tibiri neman wani magani da ba a samu a ƙauye ba. Ƙarar ba ta gama ɓacewa ba Barmo ya ce wa Mairo ta ɗora ruwa.

"Na mi?"

"Shayi. Da zafinshi zan kwaɓa. In sanyi ne abin tsoro, to mu ga ta inda zai shiga."

Mairo ta hura wutar da sauri.

Ya tarar da Chindo an jingine shi da bango, idanunsa sun faɗa. Da ya ga kwanon yana tururi sai bakinsa ya motsa.

"Ashe akwai namiji a gidan Kaɗo. Ko Mairo ce ta aro maka zuciya?"

"Baffa, ka yi shiru kada tari ya taso."

"Lemun tsami fa?"

"Na sa."

"Nawa?"

"Biyu."

"Rowar Hausawa. To, fara daga tushe. Tushen ne maƙiyi, ba bakin ba."

Barmo ya naɗa masa bargo har wuya, ya durƙusa, ya ɗebo lallen da yatsunsa. Bai taɓa riƙe gemun wani namiji ba. Ya ji shi da laushi kamar na jariri, ƙashin haɓar kuma a fili, ba nama. 

"Kai, ba yaɓen rumbu kake ba! Raba shi, sili-sili. Nan ƙarƙashin leɓe. Yawwa. Kada ka bar farin ko ɗaya, ta gefen kunne ma."

Ya gama, ya naɗe gemun da leda, ya ɗaure da tsumma mai ɗumi da Mairo ta gasa a bakin murhu. Daga hantsi har kiran azahar yana zaune yana ƙirga numfashin tsohon. Duk sa'ad da numfashin ya yi jinkiri sai ya miƙe tsaye. Duk sa'ad da ya miƙe sai Chindo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ina nan. Zauna."

Da aka yi azahar ya kwance, ya wanke da ruwa mai ɗumi, ba sabulu, ya tsane da mayafi, ya murza man shanu. Gemun ya fito ja wur, ya fi yadda Barmo ya taɓa ganinsa, don farin da ke ƙasa ya sha lallen sosai.

Sai Chindo ya fara wata irin dariya marar sauti, kafaɗunsa suna girgiza.

"Dubi hannunka, ango."

Barmo ya duba. Tafukansa biyu, yatsu, farata, har wuyan hannu, duk sun rine. Ya manta ya shafa mai a hannu kafin ya taɓa lallen, abin da ya ga tsohon yana yi ya fi sau ɗari. Kuma don kada ya tashi daga gefen gadon, bai wanke ba sai yanzu.

"Baffa! Ka gani ba ka hwaɗa ba?"

"Na gani. Na ce bari in ga inda Kaɗo zai ɓoye su." Ya huta. "Kira mani ita."

Inna Ummuhani ta shigo tana dafa bango. Barmo ya janye labulen ƙofa don haske ya faɗa kan gadon. Ta tsaya. Ta karkata kai. Sai ta saki bangon, ta tafi kai tsaye ba lalube, ta zauna a bakin gadon, ta sa hannu a gemun. Ta yi magana da Fillanci, gajeriya, kamar faɗa. Chindo ya amsa, ita kuma ta buge shi a kafaɗa a hankali. Barmo bai ji abin da suka ce ba, ya ɗauki kwanonsa ya fita.

Ya goge hannun da toka, ya goge da yashi, ya sa omo. Ko gezau.

Bayan la'asar moto ya dawo. Ba a jima ba aka yi sallama a ƙofar Barmo. Ya fito hannuwansa cikin aljihun riga.

"Na tambaye shi wa ya yi," in ji Abdulhadi. "Ya ce shi ya yi da kanshi. Mutumin da ba ya iya ɗaga moɗa." Ya miƙo hannu kamar mai son gaisawa, ya bar shi a miƙe.

Barmo ya dubi hannun. Ya ji 'ya'yansa sun yi tsit a bayan zaure. Ya zaro nasa biyun, ya buɗe su a gaban Abdulhadi.

"Ni ne, Mushe. Da ruwan zafi na kwaɓa, na rufe shi da bargo. Ban san ko ya isa ba, Allah ya sani. Amma da ka sake tahiya gobe ya ce in ƙara, zan ƙara."

Abdulhadi ya dubi tafukan. Idanunsa sun kaɗa. Ya juya ya tafi ba tare da ya karɓi hannun ba.

Baffa Chindo ya ƙara kwana biyu. A kwanakin nan Inna ba ta bar bakin gadon ba, kuma ba ta sake tambayar inda aka kai shi ba. Ranar Alhamis, rana ta ɗan ɗaga, shanu suna fita, Barmo yana ɗaura wa jaki amalanke, ya ji muryarta ta tashi sau ɗaya ta danga, sannan shiru.

Mairo ta fito da safar hannu ta aikin gona, ta miƙa masa. "In kana so."

Ya karɓa, ya juya ta, ya ajiye a kan turmi.

A makabarta mutane sun cika, na gari da na ruga. Ya ji maganar tana yawo a bayansa tun a hanya. Wani ya ce lalle ga mai ciwon ƙirji, ai ganganci ne. Wani ya ce majo ya riga ya sallame shi tun makon jiya. Wani tsohon Bafillace dogo ya zuba masa ido bai ƙifta ba.  Da liman ya ce a yi addu'a, aka ɗaga hannuwa, sai Barmo ya ɗaga nasa daidai fuska, a buɗe, ja wur a tsakiyar sahu, ya bar su nan har aka shafa.

Abdulhadi bai yi masa magana ba a ranar, ko a washegari. Ran sadakar uku ne ya leƙo ta ɓarakar danga.

"Inna na kiranka."

Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, a ƙofar ɗakin. Barmo ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa.

"Matso cikin haske," ta ce. "Ɗaga su."

Ya ɗaga. Ta karkata kai yadda take yi, ta daɗe tana kallo.

"Kada ka sa masu omo," in ji ta.

"Na riga na sa, Inna. Bai fita ba."

"To kada ka ƙara."

Abdulhadi yana tsaye a jikin rumbu, riƙe da ƙaramin gwangwanin man shanun ubansa. Ya juya shi a hannu, ya juya, sannan ya matso ya ajiye shi a gaban Barmo, ya koma inda yake.

Jan lallen da ke fatar hannunsa bai wuce mako uku ba, duk da man. Wake da igiyar rijiya suka cinye shi. Na faratan ne ya zauna, yana tafiya gaba a hankali, farin sabon farce yana biyo shi daga tushe. Har aka gama ɗaurin gero, shanu suka shigo gona, Abdulhadi ya koma lakol ɗinsa a Maraɗi. Kowace safiya in Barmo zai wuce sai ya tsaya a ɓarakar danga, ya ɗaga hannu cikin rana, Inna ta amsa tun bai yi sallama ba.

Wata Juma'a yana zaune a gindin bishiyar bedi yana yanke farce kafin masallaci. Ya yanke tara. A babban yatsan dama saura ɗan siririn ja a can baki, kamar jinjirin wata. Ya dube shi, ya naɗe rezar cikin takardarta, ya buɗe gwangwanin man shanu.