Reshen Ɗorawa da Kunya Uku

Wada manomi ne a wani ƙauye kusa da Kiru. Gonarsa tana iyaka da ta Adamu, kuma a bakin iyakar Adamu yana da wata tsohuwar ɗorawa da reshenta ɗaya ya miƙo kan kunyoyin Wada. Shekara da shekaru Wada bai tanka ba.

Sai bana Adamu ya ɗaura amya a kan wannan reshen. Ranar da Wada ya zo huɗa, ƙudan zuma suka taso wa shanunsa, shanun suka ja garma suka yi daji da ita. Shi kuma ya koma gida ido ɗaya a kumbure.

Washegari ya sami Adamu a ƙofar gida, suka gaisa.

"Malam Adamu, ko ka sare reshen nan, ko ni in sare."

"Mahaifina ne ya bar min ɗorawar nan," in ji Adamu. "Amya dai zan sauke in na ɗebi zuma."

Wada bai yarda ba, ya kai ƙara wurin dagaci.

Ranar Asabar dagaci ya zo gonar tare da Baba Muhammadu, dattijon da a gabansa mahaifin Wada ya sayi wurin. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ya dubi reshen ba. Ƙasa ya yi ta tonawa da sandarsa har ya ci karo da kututturen tsohon shinge, ya ƙara gaba ya tono wani, sannan na uku.

"Ranka ya daɗe, ga iyaka nan," in ji shi.

Layin ya ratsa ta cikin masarar Wada, kunya uku daga inda yake cewa nan ne bakin gonarsa. Wada ya tsaya yana kallo. Bai taɓa ƙulla niyyar cin iyaka ba, amma ya san kowace damina yakan bar shanu su ɗan karkata, bai kuma taɓa dawo da su ba.

Dagaci ya ce reshen a kan ƙasar Adamu yake, ba za a sare ba. Ya ce Wada ya girbe abin da ya shuka, baɗi ya ja baya. Adamu kuma ya mai da amyarsa wancan gefen bishiyar, don mutane na wucewa.

Da kaka Wada ya cire masararsa, ya kafa turaku a layin da hannunsa. Har yanzu suna gaisawa in sun haɗu a kasuwar Kwanar Dangora, amma a taƙaice.