Ƙugiyoyin Baba

Da Mai Gyara ya buɗe cikin tsohuwar kwamfutar, sai ya tarar da gashin farin gemu guda ɗaya ya nannaɗe a jikin fankarta. Ya zare shi a hankali, ya ɗaga.

"Baba, ga ajiyarka."

Baba, dattijon da ke buga takardun ofishin, ya leƙo ta saman tabarau. "Mayar mata. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba abin da ban ba ta ba."

Ofishin lauya ne mai ɗaki biyu. Lauyar, wadda ta gaji kujerar mahaifinta, ta sayo wa ma'aikatanta huɗu sababbin kwamfutoci. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar, Lauyar so take a mai da ita rumbu: ta zauna a lungu riƙe da fayil dubu goma sha ɗaya, kowa ya ɗebi abin da yake so daga teburinsa. Da safe ta ja Mai Gyara gefe ta ce, in kowa ya iya nemo takarda da kansa, za ta sallami Baba ya je ya huta. Ta faɗa cikin taushin murya, amma ta faɗa.

Mai Gyara bai yi makarantar wannan aiki ba, a kan matattun na'urori ya koya, kuma mutum ne mai yawan juya magana a zuci. Ya jera filashi uku, 'yan ma'ajiyoyin nan da ake soka wa kwamfuta, a kan tebur, kowanne da tasa babbar manhaja, wadda ita ce ke tuƙa kwamfuta. Ta farko mai ado ce. Da ya sa ta, na'urar ta yi nishi ta ƙi tashi. Ta biyu ta tashi, da hotuna da linzamin kwamfuta irin wanda hannun Baba ya saba da shi, amma da mutum biyu suka nemi fayil lokaci guda sai ta sandare. Ta uku ba ta da komai sai baƙin allo da farin rubutu. Da ita, tsohuwar ta tashi kafin ya gama gyara zama.

Ya daɗe yana kallon filashi na biyu. In ya sa shi, cikin mako guda ma'aikata za su gaji, su koma cewa, "Baba, nemo mana." Ba wanda zai taɓa sani. Sai dai aiki aka kira shi, kuma ya san wadda ta dace. Ya sa ta uku.

Da sunayen fayilolin suka zubo a baƙin allon, sai ga baka-baka da sanduna a tsakiyar kalmomi. Inda ya kamata a ga ƙasa, }asa aka gani.

"Ka kashe min ƙugiyoyi, Injiniyan ba-takarda!" in ji Baba.

"Ba su taɓa rai ba, Baba. Wani tsohon salon rubutu ne yake ɗora wa waɗannan alamomin fuskar ƙa da ɗa da ɓa. Yanzu an cire musu riga."

Lauya ta shigo, ta duba allon, ta yamutsa fuska. "Wannan wa zai karanta?"

"Ni mana," Baba ya ce, ya fara karantowa tiryan-tiryan kamar da haka aka haife shi.

Ta juya ga Mai Gyara. "Ba ya gyaruwa?"

Layin umarni ɗaya ne kawai zai gyara. Ya riga ya tsara shi a kansa tun kafin ta rufe baki: kowace alama a mayar da ita harafinta, cikin ƙiftawar ido. In ya ce ba ya gyaruwa, Baba ya tsira da kujerarsa. Ya dubi tsohon, ya ga shi ma shi yake kallo, yana shafa gemu.

"Yana gyaruwa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To me kake jira, ɗana?" in ji Baba. "Danna mana. Ko sai na riƙe maka hannu?"

Ya buga layin, ya danna. Ƙugiyoyi suka tsaya cak a wurarensu. Lauya ta jawo kujera, ta ce bari ta gwada da yarjejeniyar filin da za a saurari ƙara a kansa gobe. Ta buga sunan mai filin. Babu. Ta buga lambar shari'ar. Babu. Sai ta soma karanta sunayen a bayyane.

"Ƙanin mai tari, gona. Matar da ta zo da buta. Ɗan da ya ƙi sa hannu, na biyu." Ta ɗago. "Baba, mene ne wannan?"

"Sunayensu ke nan. Mahaifinki bai taɓa cewa in kawo masa lamba kaza ba. Cewa yake, kawo min na mutumin nan mai tari." Ya miƙa yatsa. "Wanda kike nema, ga shi can: Wanda ya zauna min a kan hula."

Shi ne kuwa. Wata daga cikin ma'aikatan ta toshe baki tana dariya. Lauya ba ta yi ba. Ta tsaya kan wani suna da ke ƙasa da shi, wanda aka rubuta, Ranar da 'yar Oga ta fara zuwa ofis. Ta ɗan jima kafin ta miƙe.

"Za ka zauna ka canja su duka, Baba. Suna da lamba, yadda kowa zai gane. Wata nawa zai ɗauke ka?"

"Ni ba a sa min manhaja mai sauƙin nauyi ba, 'yata. A hankali nake tashi."

Mai Gyara ya tura na'urar lungu, ya haɗa wayoyinta, ya kwashe filashinsa. Daga bakin ƙofa ya waiwaya. Baba ya riga ya goge mai tari, ya buga lamba a gurbinsa da yatsa ɗaya. Saura dubu goma da ɗari tara da casa'in da tara.