Oga a Titi, Yaro a Gandu

Malam Mati yana cikin tura baro cike da tsakuwa sai hadari ya haɗo daga wajen Faskari. Ruwan shuka ne, wanda aka daɗe ana jira. Ya saki baron, ya tsaya kallon sama.

Helman, wato shugaban leburorin da ke aikin titin Ƙanƙara, ɗansa ne na fari, Lawwali. Saboda kunyar ɗan fari, Mati bai taɓa kiran sunansa ba, sai "kai" ko "yaron nan". Da ya ji leburori na ce masa Oga, sai shi ma ya kama, ya ji ta zauna masa a baki. Salihu direba ne ya ɓata masa lissafi, ya ce kalmar Yarbawa ce, Bature kuma bos yake cewa, duk dai maigida ake nufi. Maigida? To shi Mati da ke raba wa yaron nan kunyoyin noma a gonar gandu, mene ne?

Mati ya tarar da Lawwali gaban mutane. "Oga, gobe shuka. Ni da kai, da sassafe."

Lawwali ya sunkuyar da kai, ya tuna masa cewa injiniya ya ce duk wanda ya tafi gona kada ya dawo, kuma shi aka ɗora wa korar.

"Wa ke magana?" in ji Mati. "Oga, ko yaron gidana?"

Kafin ya samu amsa ruwa ya kece.

Washegari Mati na sara da sungumi, matarsa Kulu na bin sa da iri, sai ga ƙarar babur. Lawwali ya sauko da hular kwano. Ya cire ta, ya durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baba, na sallame ka daga aiki."

"To, Oga. Na ji," in ji Mati. "Ogan ya gama?"

"Ya gama, Baba."

Mati ya karɓi ƙwaryar iri daga hannun Kulu, ya miƙa masa. "Kai, ka makara."

Lawwali ya dubi babur, ya dubi ƙwarya. Ya rataye hular a reshen sabara, ya bi bayan mahaifinsa yana zuba gero yana rufewa da diddige, yana tunanin wa zai zo ya durƙusa ya sallame shi, tunda shi ma ga shi a gona.