Ɗawafin Alhaji Yari

"Ku ba mu wuri," in ji Alhaji Yari da 'yar muryar da ta rage masa. 'Ya'yansa suka fice daga ɗakin, suka bar shi da maƙwabcinsa Malam Abbas, wanda ke karantar da maniyyatan Unguwar Lalle hukuncin Hajji kowace shekara.

"Malam, ni hwa ba Alhaji ba ne."

Malam Abbas ya ɗauka zafin ciwo ne. Ina! Idon tsohon tar yake.

"Shekara talatin da ɗaya wanga abu na cina. Ɗawafin farilla, bayan mun sauko Arfa, turereniya ta ruɗa ni. Sai da mun dawo gida na tabbata shida na yi, ba bakwai ba. Kuma da kunnena na ji ka ce wanda bai cika shi ba, Hajjinai bai kammala ba sai ya koma."

Malam ya tuna. Shi ya faɗa, ba shakka, a zaurensa da katanga ɗaya ta raba da gidan Alhaji. Ashe shi ya sa bawan Allah ke sunkuyar da kai duk aka ce masa Alhaji! Manomin gero, ina ya ga halin komawa? Ga shi yau ko kofi ba ya iya ɗagawa. Tausayi ya kama Malam, da kunyar kansa.

"Bayan wannan, ba ka sake wani ɗawafi ba?"

"Zazzaɓi ya kwantar da ni. Sai dai ranar da za mu taso. Wani makaho mutumen Maraɗi ya riƙe min riga, wai in zagaya da shi. Na ce tunda ga ni ga Ɗakin Allah, ni ma bari in yi niyyar nafila."

"Da alwala?"

"Da alwala."

"Nawa kun ka yi?"

"Bakwai. Shi ya dinga ƙirgawa da ƙarfi, har yana tsawata min."

Malam ya tuno wani layi a littafin fiƙihu. Layin nan ya karanta shi ya fi sau ɗari, bai taɓa zaton yana jiran mutumin bayan katangarsa ba.

"Alhaji," ya ce, "malamanmu na Malikiyya sun rubuta tun ɗaruruwan shekaru: wanda ɗawafinsa na farilla ya ɓaci, sannan ya yi na nafila ingantacce, ya isar masa. Ko yanka babu a kanka. Hajjinka ya cika tun ranar."

"Makahon nan?"

"Makahon nan."

Tsohon ya yi dariya, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. "Ko sunanai ban tambaya ba."

Ana kiran la'asar ya cika. Dab da cikawarsa, Malam Abbas na zaune a gefensa, yana kallon yatsan Alhaji da ke zana da'ira a kan tabarma, a hankali. Ya ƙirga tare da shi. A ta bakwai yatsan ya tsaya.