Tsanin Malam Ƙasimu

Muttaƙa ya ɗaga Nazifa ya sa ta a kujerar tsakiya, shi kuma ya matsu a bakin ƙofa, gwiwarsa tana gugar buhun waken da aka cusa a ƙarƙashin kujerar gaba. Motar Magarya ta ƙarshe ke nan da za ta tashi daga Waca kafin azahar. Direba ya leƙo ta taga ya dubi yarinyar, ya kira Muttaƙa yadda ake kiran malaman makaranta.

"Mushe, wannan 'yar taka fushi take yi da talakawa? Sau biyu ina gaishe ta."

"Ba ta jin daɗi ne," in ji Muttaƙa.

Kwana uku ke nan Nazifa ba ta furta kalma ba. Shekarunta takwas, kuma kafin ranar Talata babu wanda ya kai ta surutu a gidan. Yanzu in an ba ta fura sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture ƙwaryar. Da safiyar nan ƙanensa Alhassan ya kira daga gidan likita na Magarya, inda yake jinyar mahaifinsu Malam Ƙasimu. Ya ce lokotoro, wato likita, ya duba hoton da aka ɗauka, ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki a Damagaram, kuma ambilans za ta tashi bayan la'asar. Ya ƙara da cewa tsohon ya ƙi cin komai sai an kawo masa amaryarsa. Haka yake kiran jikar tasa tun tana rarrafe.

Motar ta fita gari ta shiga cikin gonaki da aka gama girbe, karan gero a kwance, awaki na bi suna tsince. Muttaƙa ya zuba wa hanya ido, zuciyarsa kuwa ta koma inda ta yi kwana uku tana komawa.

Wani abokin aikinsa ne a lakol, makarantar da yake koyarwa, ya zuba masa finafinan a salula, tsofaffin finafinan ban dariya na Turawa, baƙi da fari, waɗanda ba a magana a cikinsu sai kiɗa. Da yamma in ya dawo sai ya jingina salular da tulu a zaure, yara su yi da'ira. Nazifa ta fi kowa son su. Ba ta gajiya da wani dogon mutum mai shafa wa gida farar ƙasa, wanda abokinsa ya ɗauke masa tsani yana sama, ya lalubi matakala da ƙafa bai samu ba, ya faɗo cikin ganga, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya bi abokin da gudu. Tana dariya har ta kwanta a tabarma, ta ce a maido baya.

Wata rana yana gyaran littattafan ɗalibai ta dafa kafaɗarsa.

"Abba, me ya sa garinsu ba launi? Har sama toka ce."

"Zamanin da ne."

"To in sun faɗo ba sa jin ciwo?"

Littattafai arba'in da biyu ne a gabansa, rana kuma tana faɗuwa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mutanen da ba sa jin ciwo."

Malam Ƙasimu yana kishingiɗe a gefe yana tukar igiya, ya samu abin da yake so. "Ai ni ɗan wancan zamanin ne, amarya. Na fara gemu aka kawo ja da kore daga Kano a kan raƙumi. Mu in mun faɗo daga bishiya, ƙasa ce take neman magani."

"Ƙarya kake yi, tsoho!"

"Je ki ɗauko katina a aljihun riga ki gani."

Ta ɗauko tsohon katin shaidarsa. Ga hotonsa yana saurayi, baƙi da fari, bangon bayansa toka. Ta daɗe tana kallo. Muttaƙa ya ga yadda ta yi shiru, ya san ta gaskata, ya yi murmushi ya ci gaba da jan biro.

Tsakanin kaka da jika babu abin da ba ya wucewa. Ta sha ɓoye masa hula a cikin tukunya, ta sha ɗaure masa takalmi da ƙafar gado, shi kuma ya ce zai sake ta ya auro wadda ta iya tuwo. Babu mai tsawatawa, domin haka kowa ya tashi da nasa kakan. Saboda haka ranar Talata, da tsohon ya hau saman rumbu don gyara jinka bayan an zuba sabon gero, Nazifa ba ta ga wani bambanci ba. Muttaƙa yana shigowa daga lakol ya hango ta ta janye tsanin ta kwantar, ta laɓe bayan rumbu, hannu a baki. Kafin ya buɗe murya tsohon ya juyo da baya, ƙafarsa ta lalubi matakala. Ya faɗo a kan turmin da aka kife.

Ta fito tana tafi tana dariya, tana jiran ya miƙe ya bi ta. Ta jira. Da Muttaƙa ya durƙusa ya ga idon mahaifinsa ya juye, sai ya ɗago ya daka mata tsawar da bai taɓa yi wa ɗalibi ba.

"Kin kashe shi! Kin ji daɗi?"

Ba ta yi kuka ba. Da tsohon ya farfaɗo ana shirin ɗaukarsa, ya gaya wa maƙwabta cewa baƙar akuyar gidan ce ta ture tsanin, amma a lokacin yarinyar ta riga ta shige ƙuryar ɗakin uwarta. Tun daga nan duk wanda ya ce mata kakanta yana da rai, sai ta dube shi kamar mai yi mata wata sabuwar ƙarya.

Motar ta faɗa rami, wata dattijuwa a baya ta yi salati ta ce wa direba ko kaji ya ɗauko ai ya tausaya. Muttaƙa ya sunkuya kusa da kunnen 'yarsa.

"Nazifa, maganar da na yi miki rannan, ba haka ba ne. Tsoro ne ya sa ni."

Ta ci gaba da kallon bayan kujera. Ya lura cewa ko a yanzu rabin laifinsa kawai ya ambata, rabin da ya fi sauƙin faɗa.

Sun isa Magarya rana ta take. A harabar gidan likita masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, kowa da kwanukansa. Alhassan ya tarbe su a baranda, idonsa ja don rashin barci.

"Yaya, kun makara. Tun ɗazu yake tambaya. Ita kuwa akuyar nan, wallahi ina komawa gida zan kai ta kasuwa."

A bakin ƙofar ɗakin Nazifa ta tsaya, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu. Muttaƙa ya ja ta a hankali, ta ƙi. Bai so ya ɗauke ta da ƙarfi a gaban mutane ba. Sai murya ta fito daga gado na uku, a shaƙe amma da sauran wasanta.

"Wace ce wannan mai laɓe? Alhassan, ka ce wa amaryata in ba ta shigo ba akwai wata ma'aikaciya nan mai farar riga, ta fi ta iya gaisuwa."

Hannuwan yarinyar suka saki ƙarfen. Ta shiga taku ɗaya ɗaya har ta tsaya nesa da gadon kaɗan. Malam Ƙasimu ya rame cikin kwana uku, gemunsa ya kwanta, an rufe shi da zane zuwa ƙirji. Ya dube ta, ya ga yadda idonta ya faɗa, wuyanta ya rame, ya gane abin da ba a gaya masa ba a waya.

"Kin gan ni? Ras nake. Ba na gaya miki ba? Mu mutanen da ba a karya mu. Hutawa kawai nake yi, gadonsu ya fi nawa laushi." Ya dafa katifa da gwiwar hannu. "Bari ma ki gani in tashi in bi ki."

Ya yunƙura. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓensa na ƙasa ya shige tsakanin haƙora, amma ya riƙe murmushin. Nazifa ta ja da baya taku ɗaya. Idonta yana tafiya tsakanin bakin da ke murmushi da gumin da ke zuba a goshi, ba ta san wanda za ta yarda da shi ba.

Muttaƙa ya haura shekara arba'in bai taɓa katse mahaifinsa a gaban mutane ba. Ga Alhassan a tsaye, ga majinyata biyu da danginsu suna kallo. Ya durƙusa a gefen gadon ya sa hannu a kafaɗar tsohon ya mai da shi kwance.

"Baba, ka gafarce ni. A gaya mata gaskiya."

"Kai, Muttaƙa, wasa muke yi da matata. Ina ruwanka?"

"Ni na fara gaya mata ba a jin ciwo, Baba. Ta tambaye ni da gaske, na ba ta amsar da za ta sa ta ƙyale ni. In ka tashi yanzu ka ƙara karya wani wurin, to ni na karya shi sau biyu."

Alhassan ya dubi yayansa, ya dubi yarinyar. Tsohon ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, numfashinsa yana sauka a hankali. Daga nan ya nuna wata babbar ambulan a kan akwatin gefen gado.

"Ba ta ta gani."

Muttaƙa ya zaro hoton ƙashin ya ɗaga shi saitin taga. Nazifa ta matso. Baƙi da fari ne shi ma, farin ƙashi a cikin duhu, da wani siririn layi da ya raba shi biyu kusa da ƙugu. Ta kai yatsa ta bi layin ba tare da ta taɓa ba.

"Nan ne," in ji Malam Ƙasimu. Wasan ya fita daga muryarsa. "Akwai ciwo, amarya. In na motsa ji nake kamar ana soka mini ƙarfe mai zafi. Jiya har kuka na yi, tambayi Alhassan. Amma ban mutu ba. Ga hannuna, taɓa ki ji."

Ta kama yatsunsa biyu. Leɓenta ya motsa sau biyu kafin sauti ya fito, a dishe kamar na wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Ba akuya ba ce."

"Na sani. Na hango ɗankwalinki tun ina sama, na ce ko me wannan mara kunyar take ƙullawa."

"Ni ce."

"Na ji. Amma an riga an yanke wa akuya hukunci a gaban unguwa, kada ki ɓata mana shari'a." Ya juya ido wajen ƙaramin ɗansa. "Kai kuma ba za ka sayar mini da ita ba. Ta ɗauki laifin da ba nata ba, a ƙara mata dusa."

Sai a nan kukan ya zo mata. Ta kifa goshi a gefen katifa, tsohon ya ɗora tafinsa a kanta ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ce a miƙo furar da ya ƙi sha tun safe. Ya kurɓa ya miƙa mata, ta kurɓa ta mayar masa, haka har ƙwaryar ta ƙare.

Bayan la'asar ma'aikata biyu suka ɗauke shi a gadon turawa. Ya yi ƙara sau ɗaya da aka ɗaga shi, bai ɓoye ba. Alhassan ya shiga ambilans da buta da ƙunshin kaya, Muttaƙa da Nazifa suka tsaya suna kallo har motar ta karya kwana.

A tasha, suna zaune a kan benci suna jiran motar Waca ta cika, Muttaƙa ya zaro salula ya buɗe wurin finafinan. Ya zaɓe su duka, babban yatsansa yana kan wurin gogewa.

"Abba, kar ka goge. Sa mini na mai farar ƙasa."

Ya sa mata. Dogon mutumin ya lalubi matakala, ya faɗo cikin ganga, ya miƙe ya bi abokinsa da gudu. Ba ta yi dariya ba. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin.

"Maido baya. Tsaya nan. Ka gani? Ɗingishi yake yi. Ƙafar hagu."

Muttaƙa ya duba. Ya kalli wannan wurin ya fi sau ashirin, bai taɓa duban ƙafar mutumin ba. Ya maido baya, ya sake maidowa, ya kasa rabe ko ɗingishi ne ko tsalle-tsallen tsohon fim.

"Wa ya kai shi likita?" in ji ta.

Yaron mota ya buga ƙarfe yana kiran mutanen Waca. Muttaƙa ya buɗe baki, ya ji amsa mai sauƙi ta zo masa kan harshe, ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Nazifa," ya ce. Ya kama hannunta suka nufi motar.