Allon Baba Tela

Shagon Baba Tela yana kan kwana, inda babbar hanya ta haɗu da wani ɗan layi. A gabansa akwai kwata da ta toshe shekara biyu. Duk ruwan da aka yi, cikin shagon yake fara sauka. Bara ya lalata yadudduka bakwai na mutane. Ga damina ta sake kunno kai.

Baba Tela mutum ne mai tsari. Ya je ofishin ayyuka na tarayya, aka ce babbar hanyar tasu ce, amma kwata ta jiha ce. A jiha aka ce kwalbati ne nasu, kwatar cikin unguwa kuwa ta ƙaramar hukuma ce. A ƙaramar hukuma aka ce wurin ya yi kusa da hanyar tarayya, ba su da iko a kansa. Ko'ina ya roƙa a rubuta masa, don tela ba ya yarda da awon da ba a rubuta ba. Ya soke takardun uku a ƙusar da yake soke awon mutane.

Sannan ya sa aka yi masa allo, ya kafa a bakin kwatar: “Wannan kwata marainiya ce. Ana neman iyayenta.”

Kwana huɗu sai ga jami'in ƙaramar hukuma da fayil a hammata. Ya tarar da 'yar Baba Tela ta fari, wadda ke buga takardu a kotu, ta kawo wa mahaifinta abincin rana.

“Baba, a cire allon nan,” in ji jami'in. “Yana zubar da mutuncin hukuma.”

“Wace hukumar, yallaɓai? Ai ban kira sunan kowa ba.”

“Kowa ya san da wa ake.”

“To, ka fi ni sani. Ni shekara biyu ina tambaya.”

'Yar ta rufe kwano ta ce, “Yallaɓai, kundin tsarin mulki ya raba ayyuka tsakanin tarayya da jiha da ku. Amma 'yancin mutum ya faɗi damuwarsa ba a raba shi ba. Duk ku ukun ya hau kanku.”

“Hajiya, ban zo karatu ba. Ina da ikon cire duk abin da aka kafa a filinmu.”

Baba Tela ya zaro takarda ta uku daga ƙusa, ya karkaɗe mata zare, ya miƙa. “Wannan ba hatiminku ba ne? An ce nan ba filinku ba ne.”

Jami'in ya karanta sau biyu. Sa hannun ma nasa ne. Ya ari tef ɗin Baba Tela, ya auna daga kwalta zuwa allon, ya rubuta wani abu, ya mayar da tef ɗin ya tafi.

Ranar Litinin ya dawo da leburori shida da shebur. Kafin azahar sun kwashe ledoji da yashi da wata tayar babur, kwata ta buɗe.

“An sake dubawa,” in ji jami'in. “Wurin namu ne. Saboda haka, a cire allo.”

“Ai na cire tun ɗazu, ɗana. Kwata ta ga iyayenta.” Baba Tela ya nuna masa bangon shago, inda ya jingine allon, ya juya shi, ya rubuta da allin awo: “An gode wa ƙaramar hukuma.”

Jami'in ya daɗe yana kallo. “Wannan a bar shi. A ɗan matso da shi bakin hanya ma.”

“'Yanci ɗaya ne da na wancan,” in ji 'yar.

“Na ji, Hajiya.”

Ranar Laraba aka sheƙa ruwa. Baba Tela ya tsaya a ƙofa yana kallon ruwan yana bin kwata, ya wuce shagonsa ko sallama babu. Yadi ko ɗaya bai jiƙe ba. Can gaba ruwan ya isa kwalbatin jiha, wanda shi ma a toshe yake, ya karkata ya shiga shagon mai aski.

Da ruwa ya ɗauke, mai aski ya zo da wando a naɗe har gwiwa.

“Baba, allon nan, kana amfani da ɗaya gefen?”

Baba Tela ya miƙa masa allon. “Fara zuwa ofis uku, maƙwabci. Kuma ka ce a rubuta.”